Gidan da Ya Daina Hayaƙi

Wani ɓangare na wannan labari ya zube mini a hanya, kamar dankali daga buhun da ɓera ya huda. Shekarar ta tafi. Na san dai a lokacin gwiwoyina suna hawa tudu ba sa neman shawarata, ina yawo ƙauye-ƙauye a tsibirin Chiloé ina tambayar tsofaffi sunayen irin dankalin da kakanninsu suka shuka. Sunan ƙauyen ma yakan zo bakina ya koma. Yana kudu da Chonchi, a bakin teku, da ɗan coci na katako wanda fentinsa ya koɗe. Amma Don Eleuterio Barría, wanda na kama ɗaki a benensa hunturu guda, shi kam ba ya mantuwa. Ko mutum ya so mantawa, shi ba zai bari ba.

Kowa Lute yake kiransa. Ya taɓa yin gadin wani otal a birnin Puerto Montt na 'yan watanni, ya dawo gida injiniya. Babu wanda ya ba shi wannan matsayi, shi ya ɗauko abinsa. Matarsa Doña Eduvina mace ce gajera mai ƙarancin magana, wadda rabin rayuwarta ta yi shi a gaban wani babban murhun ƙarfe da ta gada daga mahaifiyarta. A kansa ake girki, a cikinsa ake gasa burodi, a samansa ake rataye safa da igiyoyin busasshen kifi, a bayansa kuwa akwai benci inda baƙo ke zama ya narke.

Wata safiya muna kan bencin nan, ruwa na dukan kwano, Lute ya gyara murya.

"Tsohuwa, kin san abin da ke cinye arzikin gidan nan?"

"Na sani," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Yana zaune yana shan shayi."

"Itace nake nufi. Mu saya, mu biya mai faskare, mu jira ya bushe, ruwan sama kuma ya rantse ba zai bari ba. A Puerto Montt an wuce wannan zamani. Inji ɗaya, ɗan man dizal kaɗan, ka danna maɓalli gida ya ɗumama sama da ƙasa. Ka buɗe famfo ruwan zafi ya zubo. Ko rabin abin da muke kashewa ba zai ci ba."

"Wa ya gaya maka?"

"Ni na gaya wa kaina. Wa ya fi ni sani a nan? Malam, gaya mata."

Na ce ni dankali na karanta.

Ashe shawarar da yake yi ta bayan aiki ce. Ya riga ya sayo injin daga wani masauki da ya rufe, jirgin ruwa na tafe da shi. Da rana ta yi sai ga shanun maƙwabcinsa Don Belarmino Oyarzo suna jan abin a kan wani faffaɗan katako, duk ya yi ja da tsatsa, da tankin mai, da tarin bututu, da waɗansu ƙarafa masu haƙarƙari da ake kafawa a bango. Belarmino shi ne uban baftismar ɗansu, abokin faɗan Lute tun suna yara.

"Aminina," in ji Belarmino, "jirgin ƙasa ka saya, ko abin da ya rage bayan ya yi hatsari?"

"Yi dariya yanzu. In haƙoranka suka fara kaɗawa da sanyin watan Yuni, ka zo in ba ka kujera."

Lute ya ce wajibi murhu ya fita, domin inji da murhu ba sa zama gida ɗaya, mutane za su ce bai yarda da injinsa ba. Nan Doña Eduvina ta goge hannu a zane ta yi maganar da ta fi kowace tsawo da na ji daga bakinta.

"To, tsoho. Ranar idin San Juan, ƙarshen Yuni, 'yan uwana za su zo daga tsibirin Lemuy, har da Yaya Filomena. In suka tarar da gida da ɗumi, da ruwan zafi a famfo, ba za ka ƙara jin sunan murhun uwata a bakina ba, ka sayar ko ka jefa a teku. In ba haka ba, murhu ya dawo, kuma babu sauran mai faskare a gidan nan sai kai, har ranar da za a ɗauke ka. Malam shaida ne."

"Malam, ka riƙe wannan," in ji Lute.

Na riƙe. Yana daga cikin 'yan abubuwan da ban yar ba.

Aka kira gayya. Maza suka taru suka ciccibi murhu zuwa gidan Belarmino, wanda nasa ya tsage, ya ce zai yi masa riƙo. Aka kafa inji a wata rumfa bayan gida, tanki a waje kusa da ita, siririn bututu ya haɗa su. Lute bai taɓa ko ƙusa ba, yana tsaye bisa kututture yana ba da umarni. Abin mamaki, da ya danna maɓalli injin ya yi gurnani ya kama. Ƙarafan bango suka yi ɗumi. Ruwa ya zo da zafi. Ranar nan in da an ba Lute tsibirin gaba ɗaya da ya ce ya yi masa kaɗan.

Sai dai bututun hayaƙin injin ta bayan rumfa ya fita, yana kallon teku, kuma abin da yake fitarwa ɗan tururi ne da ido ba ya kamawa.

A can kowa ya tashi da safe hayaƙin maƙwabta yake fara dubawa, kafin ma ya dubi sararin sama. Gidan da ya yi hayaƙi ya kwana lafiya. Gidan da bai yi ba har hantsi, an san abin da ya faru.

Washegari Doña Eduvina ta sauka bakin ruwa da sassafe, teku ta janye, tana tsintar ƙumba. Ni ina sama ina neman tabarauna. Lute yana wanka, na biyu ke nan tun wayewar gari, yana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Sai na ji ƙararrawar coci, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa taga ina tunanin wane bawan Allah ne ya tafi, sai na ga jerin mutane cikin baƙaƙen mayafai sun nufo ƙofarmu. A gaba Doña Zoila ce, tsohuwar da ke jan addu'ar mamata, da kyandir a hannu. Wata mata ta rungumo kaza. A baya Belarmino, da allunan akwatin gawa a kafaɗa.

Lute ya buɗe ƙofa da tawul a ƙugu da kumfa a kunne.

Doña Zoila ta dube shi daga sama har ƙasa. "To Eduvina ce ke nan. Allah ya ba ta hutu."

"Tana bakin ruwa."

"Malamin dankali?"

Na ɗaga hannu daga matakala, na ce ina nan tukuna.

"To wa ya mutu, ɗana?"

"Babu wanda ya mutu, Inna. Ci gaba ne ya zo."

"Ka tabbata? Ka duba ɗakunan duka?"

Belarmino ya sauke allunansa ya jingina da bango, ya kwatanta su da tsawon Lute. "Da ido na auna, aminina, na ga ma na rage maka ɗan yatsa biyu. Ajiye su, katakon kirki ne, ba ya ruɓewa."

Wanda ya zo gaisuwar mutuwa ba ya komawa da yunwa, ko da mamacin ne ya buɗe masa ƙofa. Doña Eduvina ta dawo ta tarar da gida cike, ta dafa musu ƙumbar da ta tsinto a ɗan rishon gas da ya rage mata. Mai kaza ta koma da kazarta.

Lute ya ce wannan ƙaramar matsala ce ga mai ilimi. Ya ɗaura tsohon bokiti a bakin bututun murhu a kan rufi. Kowace safiya ya hau tsani cikin ruwan sama, ya cusa ƙirare da ɗanyen ganye ya kunna, don ƙauye ya san yana raye. Belarmino yakan fito ƙofa da kofinsa ya yi kallo.

"Mutumina, na ji an ce ka daina hura wuta."

"Wannan ba wuta ba ce. Sanarwa ce."

"Mu namu a ƙasa muke yi, mu samu burodi a kai."

A cikin gida kuwa, baƙi sun rasa inda za su sa kansu. Su shigo su nufi inda murhu yake da, su tarar da fili, su yi ta zagaye kamar tumakin da aka sauya wa garke. Daga ƙarshe Lute ya jera musu kujeru suna fuskantar ƙarfen bango. Su zauna su zuba masa ido, hira ta ƙi zuwa. Kyanwar gidan, ko kuwa kare ne, ina jin kyanwa ce, ta tattara ta koma gidan Belarmino.

Duk wannan bai taɓa Lute ba. Yakan buɗe tagogi duka da tsakar rana don masu wucewa su gan shi da singileti. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ce ya shigo ya yi wanka. Masunta suka amsa gayyata, suka zo da 'ya'yansu. Akwai wani tsoho da aka ce rabonsa da jiƙa bayansa tun aurensa, ya shiga sai da aka buga masa ƙofa. A wajen wannan tsohon na samu sunan wani dankali baƙi mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, suna mai daɗi, na yi shekaru ina faɗinsa. Yanzu shi ma ya bi sauran. Ina muka tsaya? Mai.

Man da Lute ya ce zai kai mu bazara, Mayu bai ƙare ba ya tsoma sanda a tanki ta fito jiƙe a ɗan bakinta kawai. Mai motar dizal ya zo gindin tudu, ya dubi taɓo, ya ce a gaishe da mutanen sama, sai hanya ta bushe.

"Sai ka roƙi Belarmino shanunsa su jawo maka duro," in ji Doña Eduvina.

"In roƙi wa? Tsohuwa, mai mai ne. Injin nan ba ya tambayar asali."

Ya shiga kwalekwale zuwa kasuwar Chonchi, ya bi matan da ke suyar kifi da wainar dankali, ya kwashe musu tsohon man suya da suke shirin zubarwa. Ya tace da safar matarsa ya juye a tanki. Injin ya yi tari, ya yi kamar zai yi magana, sannan ya kama.

"Kyauta," in ji Lute, yana buga ƙirji. "Malam, a wace makaranta ake koyar da wannan?"

Na ce ban taɓa jin ta ba, kuma gaskiya na faɗa.

Kafin azahar unguwar duka ta ɗauki ƙamshin soyayyen kifi. Bargona ya ɗauka, gemuna ya ɗauka. Karnukan ƙauye suka zo suka zauna a bayan rumfa cikin ladabi. Tsuntsayen teku suka cika rufi, har sai Lute ya yi kokawa da su kafin ya kai ga bokitinsa. Bayan karnuka sai mutane, domin a can ƙamshin suya gayyata ce, ba a jiran aike.

"Maƙwabciya, mun ji hannunki tun daga gada. Me ake yi ba a gaya mana ba?"

Doña Eduvina ba za ta ce wa baƙo injin mijinta ne ke ƙamshi ba. Sai ta dasa kasko. Kullum haka, har rumbun dankalin da aka tanada don hunturu ya fara nuna ƙasansa.

"Tsoho, man naka kyauta ne," in ji ta, "amma yana cin dankali."

Ana saura kwanaki kaɗan idi, matan kasuwa suka gane cewa abin da suke zubarwa yana da mai so, suka sa masa kuɗi. Lute ya yi fushi ya ce ba a yi wanda zai ci da guminsa ba. An yanka raguna biyu don baƙi, kitse ya taru. Ya narka shi a tukunya, ya dube shi yana ƙyalli kamar zuma, ya ce wa ya ga bambanci. Ya juye a tanki da ɗuminsa. Injin ya karɓa ya yi ta gurnani har muka kwanta.

Safiyar San Juan gari ya waye da raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa. Na farka na ga numfashina yana tashi a gabana. Na taɓa ƙarfen bango, ya cije ni da sanyi. Na sauko na tarar da Doña Eduvina tana feraye dankali sanye da mayafi biyu, fuskarta a sake irin ta wanda ya ga jirginsa ya doso gaɓa.

Lute yana bayan gida ya buɗe tanki. Sandar da ya tsoma ta tsaya cak da kanta. Kitse ya koma abin da Allah ya yi shi, tun daga tanki har cikin siririn bututu.

"Yana hutawa ne," in ji shi. "Ɗan ɗumi kawai yake so."

A gidan babu ko guntun itace, ƙiraren ma sun ƙare a sanarwa. Ya tsaya ya dubi gidan Belarmino, inda hayaƙi ke tashi fari lafiyayye. Ya ja hula ya rufe kunne ya tafi. Na bi shi, don shaida ba ya zama a baya.

"Itace?" in ji Belarmino. "Wannan abin na mutanen da?"

"Aro nake so."

"Yaya ake aron itace, aminina? Toka za ka dawo mini da ita?"

"Za ka bayar ko wa'azi za ka yi?"

"Duka biyun. Clorinda, zo ki ga wanda ya zo."

Matarsa ta leƙo, ta gaishe mu da kyau, ta koma ciki muka ji tana dariya a cikin zane.

Lute ya jera itace a ƙarƙashin tanki da bututu ya kunna. Daidai nan jirgin Lemuy ya iso. Dangi suka hauro da kayan idi, a gabansu Doña Filomena, doguwa, wadda tun ranar auren ƙanwarta take jiran irin wannan safiya. Ta shiga gida ta fito ba ta cire safar hannu ba.

"Eleuterio, an ce mini gidanka ya fi Puerto Montt ɗumi."

"Yaya, ki ba ni ɗan lokaci."

"Na ba ka shekara talatin. Me kake dafawa a can?"

"Mai."

"Wutar itace ce ke ɗumama man da zai ɗumama gidan da aka fitar da murhu don kada a ƙona itace?"

"In aka faɗe shi haka, ba ya fita da kyau," in ji Lute.

Kitse ya narke. Ya ruga rumfa ya danna maɓalli, shiru. Ya sake, ya sake, kowace dannawa tana tura mai cikin injin ba tare da ya kama ba. A ta ƙarshe ya kama duka lokaci ɗaya. Aka ji wata ƙara kamar an yar da duro daga sama, rumfa ta girgiza, tsuntsaye suka watse. Wani hayaƙi baƙi ƙirin, mai kauri da warin ƙonannen rago, ya turnuƙe ya haye rufi ya miƙe sama.

Farin hayaƙi lafiya, rashin hayaƙi mutuwa. Baƙi kuwa ko yaro ya san ma'anarsa a ƙauyen da kowane gida katako ne.

Wannan karon ƙararrawa ba a hankali ta buga ba. Mutanen da suka fito coci da tufafin idi suka kwaso bokitai, suka ja layi daga rafi har bayan gidanmu, bokiti na bin hannu. Lute ya tsaya a ƙofar rumfa ya ware hannuwa, fuskarsa baƙa da toka, yana murmushi.

"Ku tsaya, jama'a. Yanzu ya fara aiki. Ku je ku taɓa bango ku ji..."

Bokitin farko a bakinsa ya sauka. Wasu sun ce Doña Filomena ce, kuma ta auna kafin ta watsa. Na biyu ya bi ta kansa ya samu injin. Daga nan ba wanda ya tsaya tambaya. Aka kashe wutar tanki, aka shayar da rumfa, wani mai himma ya hau tsani ya cika bokitin sanarwa da ruwa. Injin ya yi wani dogon huci ya yi shiru, shirun da kowa ya gane.

Doña Zoila ta matso ta leƙa rumfa. "Yau dai an samu gawa. In fara?"

Doña Filomena ta cire safar hannu ɗaya, ta shiga gida, muka ji ta buɗe famfo. Ta fito tana yarfe yatsu. "Ƙanwata, har ruwan teku ya fi shi ɗumi."

Sai Doña Eduvina ta juya. Ta zaga bayan ƙofa ta ɗauko gatari, ta goge ƙotarsa da zane, ta miƙa wa mijinta da hannu biyu kamar mai ba da kyautar idi. Tunda jama'a na nan kuma kowa ya riga ya jiƙe, Belarmino ya ɗaura wa shanunsa karkiya. Kafin rana ta karkata murhu ya koma mazauninsa, naman rago na tafasa a kai, benci ya cika da mutane suna tururi.

Lute yana waje yana faskare, bargo a kafaɗa. Na kai masa shayi.

"Malam," in ji shi, "ka ga yadda ya tashi kuwa? A Puerto Montt ma ban ga injin da ya yi irin wannan ƙarfi ba. Ƙauyen ne bai isa ba."

Ya ɗaga gatari ya sara, ya kuskure itacen.

Bayan shekaru na sake bi ta ƙauyen, ina neman wani abu da na manta ko mene ne. Na sauka wajen Doña Clorinda, ta tsufa, mijinta Belarmino ya riga mu gidan gaskiya. Na tambaye ta wata magana da na taɓa ji a jirgi ban yarda ba, ta ce gaskiya ce, ta nuna mini wurin. Duk watannin da murhun ya yi a gidansu, kowace la'asar in Belarmino ya tafi wajen shanu, Lute yakan shigo ta ƙofar baya, ya zauna a bayan murhun matarsa ya miƙe ƙafa, ya ce injin yana ɗumama jiki amma ba ya kai wa ƙashi. Ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Ta ce ta cika alkawari, ba ta gaya wa kowa ba sai Eduvina, tun ranar farko.